Me Ke Sa Mutum Ya Wuni a Gaban Tashar da Ba Ta Nuna Komai Sai Talla?

Tambaya: Malam, ina karatu a Ingila, kuma ina haya a gidan wata dattijuwa Baturiya da mijinta ya rasu. Tun safe har dare talabijin ɗinta na kan QVC, tashar da ba labarai ba fim, sai tallan kaya kawai. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mata kwali ba. Ga intanet, ga shaguna a bayan layinmu. Me ke jan mutane zuwa irin waɗannan tashoshi? Kaɗaici ne, ko wayo ake yi musu?

Amsa: 'Yar'uwa, duka biyun akwai su a ciki, sai dai ko kin haɗa su ba su kai rabin amsar ba. Da kaɗaici ne kaɗai, ai rediyo ya ishe ta, kuma ba ya cin ko kwabo. Da zallar wayo ne, da tuni kasuwar ta watse, don ba wanda za a riƙa cuta duk mako har shekara ashirin kuma ya ci gaba da ɗaga waya yana cewa a ƙaro. A fannin talla, wanda shi nake koyarwa, da wuya ki samu abin da ake rainawa ba tare da an fahimce shi ba kamar waɗannan tashoshi. Kafin su sayar wa dattijuwar nan da tukunya ko rigar sanyi, sai da suka shiga ranta tukuna, ta saba da su. Kayan daga baya suka biyo.

Tun asalin sana'ar haka abin yake. A 1977, a garin Clearwater da ke jihar Fulorida a Amurka, wani ƙaramin gidan rediyo na Lowell Paxson yana bin wani ɗan kasuwa kuɗin talla. Mutumin ya rasa kuɗi, sai ya biya da kaya: mabuɗin gwangwani mai aiki da lantarki guda 112. Paxson ya sa mai gabatar da shirinsa, Bob Circosta, ya tallata su kai tsaye a kan dala 9.95 kowanne, kafin ka ce kwabo sun ƙare. Ki lura fa, rediyo ne, ba wanda ya ga mabuɗin da idonsa, kuma ba ƙarancin mabuɗin gwangwani ake yi a garin ba. Muryar da suka saba ji kullum ce ta ce abin na da kyau, suka yarda. Paxson da abokin kasuwancinsa Roy Speer suka kai dabarar talabijin a 1982, ta zama tashar sayayya ta HSN (Home Shopping Network) mai kama duk faɗin Amurka a 1985. Shekara guda bayan nan Joseph Segel ya kafa QVC a jihar Pensilvaniya, kuma abin farko da ta sayar a watan Nuwamban 1986 shi ne rediyon da ake ratayawa a wurin wanka, dala 11.49. Segel ya ga matsin lamba da hayaniya sun yi yawa a tashar da ta riga shi, sai ya zaɓi a yi magana a tsanake, a yi bayanin kaya dalla-dalla. Salonsa ne ya yi galaba, shi ne ya iso Birtaniya a 1993, Jamus a 1996, Japan a 2001, shi ne kuma kike jiyowa ta bango kullum.

In kin tashi a gidan da ake kulle, kin san dillaliya. Ba ta shigowa ta zazzage kaya ta ce ku saya. Zama za ta yi, a gaisa, ta tambayi mai jiki, ta ba da labarin bikin gidan wane, a kawo mata ruwa, sannan ta kwance ƙullin a hankali ta ce wannan atamfar tun da na gan ta na ce ta Hajiya ce. Ta san launin da kowace ke so, ta san mai biya nan take da wadda sai ta ɗauki adashi. Kasuwa ce ta biyo matar da ba ta fita, ta kuma zo mata da hira. To QVC aikin da take yi ke nan, awa 24. Kamfanin da kansa yake horar da masu gabatarwarsa su yi magana yadda maƙwabciya ke hira da maƙwabciyarta ta kan katanga. Shi ya sa za ki ji mai gabatarwa na labarin 'yarta da za ta yi aure, ko yadda ciwon gwiwa ya raba ta da takalmi mai tsini, alhali takalmin da take tallatawa yana hannunta. Wanda ya kunna yau zai ce surutu ne. Wadda ta shekara goma tana kallo kuwa ta san 'yar nan tun tana makaranta.

Masana sun daɗe da lura da irin wannan shaƙuwa. Tun a 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka yi rubutu a kan yadda mai kallo ke ƙulla zumunci da wanda yake gani a allo, yana jin ya san shi ciki da bai, alhali wancan bai san da zamansa ba. Zumuncin na gefe ɗaya ne, amma abin da mai kallo ke ji a ransa ba ƙarya ba ne. A 1991 August Grant da abokan aikinsa biyu suka bincika wannan a tsakanin masu kallon tashoshin sayayya, suka tarar shaƙuwa da masu gabatarwa na tafiya tare da yawan kallo, yawan kallo kuma na tafiya tare da yawan saye. A nan tashar sayayya ta fi fim da labarai, don tana ɗan buɗe ƙofa. Akan haɗa mai kallo da ɗakin shiri ta waya, ta faɗi sunanta da garinsu, ta ce ta sayi irin bargon nan bara kuma har yau bai koɗe ba, mai gabatarwa ta ambaci sunanta ta yi mata godiya. Minti ɗaya ne. Amma dubban matan da ke saurare sun ji muryar mace irinsu, ba 'yar talla ba, kuma sun san su ma in sun buga ana iya ɗauka.

Sai dai kada ki ɗauka hirar ce kawai. Wata rana ki zauna ki kalli awa guda da idon basira, ki ga yadda ake nuna kaya. Tallan da aka saba gani daƙiƙa 30 ne. Nan rigar sanyi ɗaya tana iya cin minti goma. Za a matso da kyamara har ki ga zaren ɗinki. Mai gabatarwa ta juya cikin rigar waje, ta ja ta ta sake don ki ga tana komawa yadda take, ta cusa hannu a aljihu a ga zurfinsa. Sai mata uku ko huɗu su fito sanye da ita, da siririya da mai jiki da doguwa, a faɗi tsawon kowace da lambar da ta sa. In zobe ne, a ɗora shi a kan rula. In injin share ƙura ne, a watsa shinkafa da gashin kare a kan kafet a bi ta kai sau ɗaya. In kasko ne, a fasa ƙwai ba mai, a karkata, ƙwan ya zame. Kuma kai tsaye ake yi: murfi kan ƙi buɗuwa, miya kan zube, a yi dariya a ci gaba. Irin wannan tuntuɓe riba ne a wurinsu, don shi ke tabbatar wa mai kallo ba a yanke komai an ɓoye ba. Gani ya kori ji.

Joy Mangano ta ƙirƙiro wata mopa da ake matsewa ba sai an tsoma hannu a ruwan datti ba. Da aka fara nuna ta a QVC ba ta yi wata kasuwar kirki ba. Mangano ta nace a bar ta ta fito da kanta, a 1992 ta tsaya gaban kyamara tana goge ƙasa tana bayani kamar uwar yaran da ta gaji da goge-goge, don ita ɗin ce. Cikin ƙasa da rabin awa aka sayi guda 18,000. Mopar ba ta canja ba, mai riƙe da ita ce ta canja.

Daga nan za ki ga amsar maganarki ta intanet. Intanet na wanda ya san abin da yake nema ne. Ki nemi rigar sanyi a jero miki dubbai, kowace da hoton da aka gyara, ke za ki tace, ke za ki karanta sharhin mutanen da ba ki san ko akwai su ba. A wurinki wannan 'yanci ne, a wurin mai shekara 70 aiki ne ja. Tashar kuwa abu ɗaya take ajiye mata a gaba, wani ya riga ya zaɓa, ga wadda ta yarda da ita tana bayani, abin da ya rage mata e ko a'a. Shagunan bayan layi kuma sai an sa kaya an fita cikin sanyi da gwiwa mai ciwo, a je a tarar da 'yar shekara 20 tana yi wa mutum kallon wanda ya yi ɓatan hanya, ga shi lambar da ta dace da jiki babu. Masu tufafi da kayan kwalliya sun daɗe suna yin kamar macen da ta haura 50 ba ta cikin lissafi. Waɗannan tashoshi ne suka ba ta girmanta, ba don tausayi ba, sai don kuɗin a hannunta yake. QVC ba ta ɓoye wannan. A 2024 ma ta yi gangamin talla na musamman a kan mata masu shekara 50 zuwa sama. Rahotannin kamfanin na shekara-shekara kuwa suna nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na cinikinsa daga waɗanda suka taɓa saye suka dawo yake fitowa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Tasha ce da ba a mutuwa a cikinta. Ba yaƙi, ba siyasa, ba hatsarin mota. Kowa da fara'arsa, kowace matsala da maganinta, kuma maganin na cikin kwali. Ba labari ne da sai an bi daga farko ba, ki shiga kicin ki dawo ba abin da ya wuce ki. Da yawa suna barin ta a kunne ne don gida ya yi motsi, su yi kwanaki ba su sayi ko allura ba. Mai aikin dare, mai jinyar miji, wadda barci ya ƙaurace wa, ko ƙarfe uku na dare ta kunna za ta tarar da mai yi mata magana da murmushi.

To yanzu mu leƙa bayan kyamara, inda zarginki na wayo yake da tushe. Mai gabatarwar da kike ganin hira kawai take yi, akwai 'yar na'ura a kunnenta. A wani ɗaki furodusa na zaune gaban kwamfuta yana ganin odar da ke shigowa minti bayan minti. In ta ce rigar ba ta buƙatar guga sai ciniki ya ɗaga, nan take za a raɗa mata ta maimaita. In ta yi minti biyu a kan launi ba abin da ya motsa, a ce ta wuce gaba. Ma'aunin kowane kaya shi ne nawa ya kawo a minti ɗaya, wanda ya gaza da wuya ya sake ganin kyamara. Ba mai shagon da ke samun amsar kasuwa da sauri haka. Kusan shekara 40 ke nan ana wannan gwaji dare da rana, don haka kalmomin da kike ji ba tsintar su aka yi ba, waɗanda suka ci jarrabawa ne aka bari.

Ki kuma dubi gefen allo. Ga adadin da aka saya yana hawa, ga sanarwar cewa shuɗi ya kusa ƙarewa, ja kuwa ya ƙare. Abu biyu ake gaya wa zuciya a tare: mutane da yawa sun yarda da abin nan, kuma in kika tsaya shawara za ki rasa. Masu koyar da talla kan kawo misalin Colleen Szot, marubuciyar dogayen tallace-tallacen talabijin a Amurka. An saba rufe talla da cewa ma'aikata na jiran kiranka. Ita sai ta mayar da shi cewa in ka ji layi a cike ka sake bugowa. Kira ya ƙaru. Maganar farko mutane take nuna maka zaune suna hamma, ta biyu kuwa rububi take nunawa. Sannan ga kayan ranar: kullum QVC na ware abu ɗaya a farashi mai rahusa na kwana ɗaya tak. A Amurka da tsakar dare ake buɗe shi, kuma akwai masu hana idonsu barci don su ga mene ne na yau. Ko ba a saya ba, an samu dalilin kunna tashar gobe.

Wanda ya fi duka ƙarfi a ganina shi ne biya kaɗan-kaɗan. Abu na fam 120, sai a nuna shi fam 30 sau huɗu, ba kuɗin ruwa, kuma da biyan farko za a aiko. Lambar katin banki tana wurinsu tun sayen farko, saboda haka ba ƙirgawa, ba miƙawa, ba ɗan zafin nan da mutum ke ji in kuɗi na barin hannunsa. Sai alkawarin cewa in bai yi miki ba ki mayar cikin kwana 30 ko fiye a ba ki kuɗinki. Alkawarin gaskiya ne, suna cikawa, shi ya sa ma aka yarda da su. Amma sun san halin ɗan'adam: abin da ya shigo gida ya kwana, naɗe shi a kai gidan waya sai mai himma.

Cuta ce ke nan? Manyan tashoshin galibi kayansu sun ci kuɗinsu, don kasuwar da ta dogara da mai dawowa ba ta jure algus. Arha dai ba kullum ba. In kika haɗa da kuɗin aikowa sau da yawa za ki samu irinsa a wani wuri ƙasa da haka. Ƙananan tashoshi kuwa an sha kama su. A 2004 hukumar Ofcom, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Birtaniya, ta ci tarar tashar Auction World fam 450,000 saboda kumbura farashin da take cewa shi ne ainihin darajar kaya, da rashin kai wa mutane abin da suka biya, daga nan kuma tashar ta rufe. Wannan dabara ta cewa a da kuɗinsa kaza ne amma yau kaza, ita na fi so a sa wa ido duk inda aka gan ta, don farashin farkon kan zama wanda ba a taɓa biya ba.

Game da dattijuwar nan, yawan kwali kaɗai ba ya nuna matsala. In tana buɗewa, tana sawa, tana girki da su, tana raba wa jikoki, kuma kuɗin wuta da na cefane ba su taɓu ba, to nishaɗinta ne, kuma da kuɗinta take yi. Abin da zai sa ki damu shi ne kwalaye jibge ba a buɗe ba, ko abu iri ɗaya sau uku, ko ta fara ɓoye su in 'ya'yanta za su zo, ko wasiƙun banki na taruwa a bakin ƙofa. A nan daɗin ya koma kan yin odar da jiran mai kawo saƙo, kayan kansu sun zama tarkace, kuma biya kaɗan-kaɗan guda goma in suka haɗu a wata ɗaya sun zama babban bashi. In kin ga haka kada ki yi mata ba'a, kada kuma ki ce ana damfarar ta, don a kunnenta ƙawayenta kika zaga. Ki haɗa shayi ku kalla tare, ki tambaye ta wace ce wannan mai gabatarwar, za ta zayyano miki tarihinta kaf. Ta nan magana kan samu shiga. Dokar Birtaniya ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya fasa, kuma akwai Citizens Advice da StepChange masu ba da shawara kyauta a kan bashi. In abin ya wuce nan, na 'ya'yanta ne, ke 'yar haya ce.

Su tashoshin kansu suna ja da baya, don masu biyan kuɗin talabijin na raguwa, matasa kuma ba sa zama gabansa. A Birtaniya bid tv da price-drop sun rufe a 2014, Ideal World ta durƙushe a 2023 kafin wani kamfani ya sayi sunan. A Amurka kamfanin da ke da QVC ya haɗiye HSN a 2017. Sana'ar dai ba ta mutu ba, cikin waya ta koma. A Sin, shafin sayayya na intanet mai suna Taobao ya buɗe sayar da kaya kai tsaye ta bidiyo a 2016, a nan ne Li Jiaqi ya shahara da gwada jan baki a leɓensa, har aka ruwaito ya sayar da 15,000 cikin minti biyar. QVC da kanta yanzu tana baje koli a TikTok. Kuma in kin duba wayarki, ina kyautata zaton akwai wata mai atamfa da leshi ko kayan kicin a Kano ko Kaduna da kike bi, wadda kika san muryarta, kika san ranar da ta haihu, tana ɗaga yadi gaban kyamara tana cewa saura biyu, wannan an ɗauka, Hajiya ki turo shaidar biya. Kusan duk abin da na zayyana yana wurinta, ban da abu biyu: ba kwana 30 na mayar da kaya, ba kuma Ofcom. Kuɗi ake turawa tukuna, sannan a jira direba ya kira daga tashar mota.